Georg Simon Ohm, ɗan maƙeri da ya auna tafiyar wutar lantarki

A Tenhya da sauran garuruwan Damargu, inda fanon hasken rana da batir ke ba mutane haske da cajin salula, duk wanda ya haɗa waya da ƙwan fitila yana aiki da wata doka, ko ya sani ko bai sani ba. Dokar na ɗauke da sunan wani malamin makaranta Bajamushe wanda ya daɗe yana shan wuya kafin a yarda da shi.

An haifi Georg Simon Ohm ran 16 ga Maris 1789 a garin Erlangen. Mahaifinsa maƙerin kwaɗo da makulli ne, bai yi doguwar makaranta ba, amma ya koya wa kansa lissafi, ya kuma koyar da ƴaƴansa biyu maza, Georg da Martin. Mahaifiyarsu ta rasu yana da shekara goma. A 1805 ya shiga jami'ar garinsu, sai wasa da rawa suka ɗauke masa hankali. Uban ya fusata, ya tura shi ƙasar Suwis a 1806, inda ya zama malamin lissafi. Can ya natsu, ya komo ya karɓi digirin dakta a 1811. Duk da haka talauci bai sake shi ba, ya yi ta koyarwa da ɗan albashi a Bamberg, har 1817 da ya samu aiki a wata babbar makaranta ta birnin Kolon mai ɗakin gwaji da kayan aiki.

A lokacin nan masana sun san batir, domin Volta ya ƙirƙiro shi tun 1800, sun kuma san wuta na karkatar da allurar maganaɗisu. Abin da ya gagare su shi ne faɗin adadin wutar da za ta bi waya. Batiran zamanin kuwa ba su da tabbas, ƙarfinsu na raguwa ana cikin awo. A 1826 Ohm ya bar su, ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut, ya sa gaɓa ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗaya cikin ƙanƙara, ya samu turi wanda ba ya sakewa. Sa'an nan ya gwada wayoyi takwas masu tsawo daban-daban, yana rubuta karkatar allura. Ya tarar cewa in waya ta ƙara tsawo wuta na raguwa, in turi ya ƙaru wuta na ƙaruwa daidai gwargwado.

Misalinsa kamar ruwan da ke sauka daga tanki zuwa kwamin shayar da dabbobi. Tsayin tanki shi ne turi, ana awonsa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne kwarara, ana awonta da ampa. Ƙuncin tiyo shi ne tirjiya. A makaranta ana rubuta dokar haka: U = R × I. Wanda ya raba turi da kwarara ya samu tirjiya. Wanda ya ninka su ya samu ƙarfin aiki, wanda ake ƙirgawa da wat. In batir mai bolt 12 na ba fitila ampa 2, tirjiyarta om 6 ce, ƙarfinta wat 24. Dutsen guga mai jan ampa 5 a kan bolt 220 na Nigelec tirjiyarsa om 44 ce, ƙarfinsa wat 1100.

Amfanin wannan lissafi a karkara babba ne. Na'ura mai wat 120 tana jan kimanin rabin ampa a kan bolt 220, amma a kan batir mai bolt 12 sai ta ja ampa 10. In aka bi da wannan kwarara ta siririyar waya mai tsawo, wayar za ta yi zafi, robarta ta narke, kuma a ɗakin kara ko shiba ƙarshenta gobara. Shi ya sa kayan batir ke son waya mai kauri, gajeruwa.

Ohm ya buga sakamakonsa cikin littafi a Barlin a 1827, amma manyan malaman Jamus suka yi ko oho da shi, waɗansu ma suka kushe shi don ya cika lissafi. Ransa ya ɓaci, ya ajiye aikinsa na Kolon, ya zauna shekaru yana ƴan koyarwa a Barlin, sai a 1833 ya samu kujera a makarantar fasaha ta Nurembag. Gaskiya ta yi halinta daga waje: Bafaranshe Pouillet ya yi nasa gwaji ya cim ma sakamako iri ɗaya, kuma a 1841 ƙungiyar masana ta Landan ta ba Ohm lambar girma ta Copley. Ya koma Munik a 1849, ya zama shehun malamin kimiyya a jami'arta a 1852. Shekara biyu kawai ya yi bisa kujerar da ya daɗe yana nema, ya mutu ran 6 ga Yuli 1854.

A 1881 taron masana lantarki na duniya da aka yi a Paris ya tabbatar da sunansa a kan ma'aunin tirjiya. Har yau kowane mai gyaran rediyo da ya ɗora na'urar awo bisa waya, sunan ɗan maƙerin Erlangen yake karantawa.