Katsuko Saruhashi: Matar da ta bi sawun gubar nukiliya a cikin teku

A ranar 1 ga Maris, 1954, Amurka ta gwada wani ƙasurgumin bam na haidirojin a tsibiran Bikini da ke tekun Fasifik. Tokar fashewar ta sauka kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai ɗauke da mutum 23. Dukkansu suka kamu da rashin lafiya, ɗaya daga cikinsu ya rasu a watan Satumba. Cinikin kifi ya faɗi warwas a Japan, aka binne kifi mai ɗimbin yawa saboda tsoron guba. Abin da ya tsaya wa jama'a a rai shi ne: ina gubar ta nufa bayan ta shiga ruwa?

Katsuko Saruhashi na cikin waɗanda suka nemo amsar. An haife ta a Tokyo a 1920, ta kammala karatun kimiyyar sinadarai a 1943, sannan ta kama aiki a cibiyar binciken yanayi ƙarƙashin Yasuo Miyake. A 1957 ta zama mace ta farko da Jami'ar Tokyo ta bai wa digirin digirgir a wannan fanni.

Hikimar aikinta tana cikin sinadarin da ta zaɓi bi. Siziyam-137 na samuwa ne idan aka fasa ƙwayar zarra, a bam ko a tashar nukiliya, kuma sai ya ɗauki kusan shekara 30 kafin rabinsa ya lalace. Saboda haka samunsa a ruwan teku shaida ce ta hannun ɗan Adam. Wahalar ita ce yawansa a ruwa ƙanƙane ne ƙwarai, sai da ita da abokan aikinta suka inganta hanyar tace shi kafin a iya auna shi. Daga samfuran ruwa suka nuna cewa igiyar teku ta kwaso gubar daga Bikini zuwa ruwan Japan cikin kimanin shekara ɗaya da rabi, kuma ta fi taruwa a yammacin Fasifik fiye da gefen Amurka.

Masanan Amurka ba su yarda da alƙaluman ba, wanda ba abin mamaki ba ne tunda ƙasarsu ce mai bam ɗin. A 1962 ta tafi cibiyar nazarin teku ta Scripps a Kalifoniya, aka gwada hanyarta da ta Theodore Folsom a kan samfuri iri ɗaya. Tata ta fito daidai, gardama ta ƙare. A shekarar da ta biyo baya Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyat suka sa hannu kan yarjejeniyar haramta gwajin nukiliya a sama da cikin ruwa.

A 1981 ta kafa lambar yabo mai sunanta domin mata masana kimiyya, wadda ake bayarwa har yau a Japan. Ta rasu a Tokyo a watan Satumba na 2007, tana da shekara 87.