John von Neumann, malamin lissafin da ya zaunar da injiniyoyi da masana yanayi a ɗaki guda

Kowace shekara kafin saukar damina, masana na cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai kan fitar da hasashen yadda ruwa zai kasance a yankin Sahel, ko zai sauka da wuri, ko za a samu dogon fashi bayan an yi shuka. Yawancin alƙaluman da suke dogaro da su daga manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa suke fitowa. Wanda ya bi sawun wannan aiki zuwa asalinsa zai tsinci kansa a Amurka a watan Maris na 1950, cikin sansanin soja na Aberdeen, inda wasu ƴan tsirarun masana suka yi sama da wata guda suna kwana suna wuni a gindin wata na'ura mai nauyin tan 30. Mutumin da ya tara su bai taɓa karanta ilimin yanayi a makaranta ba. Malamin lissafi ne, sunansa John von Neumann.

An haife shi ranar 28 ga Disamba 1903 a Budafest, babban birnin Hangari, cikin gidan Yahudawa masu hali. Mahaifinsa ma'aikacin banki ne, kuma a 1913 sarkin daular Ostiriya da Hangari ya ba shi sarauta, daga nan ne iyalin suka samu ɗan kalmar von da ke gaban sunansu. Tun yana ƙarami aka ga yaron ba irin sauran ba ne wajen lissafin ka da riƙon abu. A makarantar sakandare malaminsa László Rátz bai ɓata lokaci ba, ya je ya sami uban, suka shirya a riƙa kawo malaman jami'a suna koya masa a gefe. Yana shekara 18 aka buga bincikensa na farko, wanda ya rubuta tare da ɗaya daga cikin waɗannan malamai, Mihály Fekete. A makarantar nan ne ya san Eugene Wigner, wanda ke gaba da shi da aji ɗaya, wanda kuma daga baya ya ci kyautar Nobel.

A 1919 ƴan gurguzu ƙarƙashin Béla Kun suka karɓe mulki a Hangari na ƴan watanni, iyalin suka gudu suka bar ƙasar har ƙura ta lafa. Ƙiyayyar da ya yi wa gurguzu har ƙarshen ransa tun daga nan ta fara.

Uban bai ga abinci a lissafi ba, kamar yadda iyaye da yawa ba su gani har gobe. Sai aka yi sulhu: yaron ya karanta ilimin sinadarai a Berlin, sannan injiniyancin sinadarai a Zurik ta Suwizalan, a lokaci guda kuma sunansa na cikin rajistar jami'ar Budafest a sashen lissafi, inda ba a ganinsa sai ranar jarrabawa. A 1926, yana shekara 22, yana riƙe da takardun biyu, ta injiniya da ta dakta. Abin da aka tilasta masa don ya samu abin yi shi ne ya koya masa zama da mutanen da hannunsu ke taɓa ƙarfe.

Daga nan ya wuce Göttingen ta Jamus wajen David Hilbert, wanda a lokacin shi ne uban masu lissafi na Turai. Masana fizik na cikin ruɗani a shekarun: Heisenberg da Schrödinger kowa ya zo da tasa hanyar bayyana halin ƙwayar zarra, hanyoyin ba su yi kama ba amma amsarsu ɗaya. Von Neumann ya gina wa abin harsashi na lissafi wanda ya ɗauke duka biyun, ya tattara shi a littafin da ya fito a 1932. A 1928 kuma ya juya wani fage daban, ya yi nazarin wasan mutum biyu irin wanda cin ɗaya shi ne faɗuwar ɗayan, kamar dara, ya tabbatar da lissafi cewa kowanensu yana da dabarar da ta fi rage masa hasara komai wayon abokin karawarsa. Wannan tunani ya kwanta har sai da ya haɗu da masanin tattalin arziƙi Oskar Morgenstern, suka fitar da wani ƙaton littafi a 1944 wanda masu nazarin kasuwa da masu tsara yaƙi ke komawa gare shi har yanzu.

Ya isa Princeton ta Amurka a 1930. Bayan shekara uku aka ɗauke shi cikin farfesoshin farko na sabuwar Cibiyar Zurfafa Nazari da ke garin, tare da Albert Einstein, shi ne ƙaraminsu da shekara 29. A shekarar nan ce gwamnatin Hitila ta kori Yahudawa daga jami'o'in Jamus, sashen lissafi na Göttingen da aka yi zuriya bayan zuriya ana ginawa ya watse cikin watanni. A Princeton an san shi da shirya liyafa a gida, da barkwanci, da tuƙin mota na ganganci, da kwat da nakatai da ba ya rabuwa da su ko a wajen yawon shaƙatawa. A 1938 ya nemi wani saurayi ɗan Ingila, Alan Turing, ya zauna ya zama mataimakinsa. Turing ya gwammace komawa gida.

Yaƙin duniya na biyu ya canja masa alƙibla. Ya ƙware a lissafin fashewar abubuwa, don haka a 1943 aka kira shi Los Alamos, inda ake ƙera bam ɗin nukiliya a ɓoye. Lissafinsa na cikin abin da ya nuna yadda za a kewaye ƙwallon fulutoniyom da nakiyoyi su matse shi ta kowace fuska a lokaci ɗaya, kuma irin wannan bam ne aka jefa wa Nagasaki ranar 9 ga Agusta 1945. Ya zauna a kwamitin da ya zaɓi garuruwan Jafan da za a hara, ya kuma lissafa tsayin da bam zai fashe a sama don ɓarna ta fi yawa. Bai nuna nadamar da wasu abokan aikinsa suka nuna ba, kuma duk mai ba da tarihinsa da gaskiya dole ya ajiye wannan kusa da sauran.

Lissafin bam ya fi ƙarfin mutane da injinan tebur. A tsakiyar 1944, a dandalin tashar jirgin ƙasa ta Aberdeen, wani hafsan soja mai ilimin lissafi, Herman Goldstine, ya gane shi, suka shiga hira. A nan ya ji cewa a Jami'ar Pensilbaniya injiniya J. Presper Eckert da masanin fizik John Mauchly na harhaɗa wata na'ura mai suna ENIAC, mai ƙwayayen lantarki na gilashi kusan 18,000 irin na tsohuwar rediyo, mai iya haɗa lissafi 5,000 cikin daƙiƙa guda. Ba da daɗewa ba ya je ya gan ta. Aibinta shi ne duk lokacin da za a ba ta sabon aiki sai an cire wayoyi an sake jona su da hannu, aikin da wasu mata shida suka ƙware a kai, wanda kan ci kwanaki.

Ƙungiyar ta riga ta fara tunanin na'ura ta biyu, EDVAC, wadda za a ajiye mata umarni a ma'ajiya ɗaya da alƙaluma, ta yadda canja aiki ba zai bukaci taɓa waya ba. Von Neumann ya shiga zaman, sannan ya rubuta tsarin a takarda mai shafi 101. Goldstine ya buga ta ya rarraba a ƙarshen Yuni 1945 da sunan von Neumann shi kaɗai a kai. Eckert da Mauchly, waɗanda suka ce tunanin nasu ne tun kafin baƙon ya zo, sun ji zafin abin, balle da lauyoyi suka ce yaɗuwar takardar ta hana kowa mallakar ƙirar. Suka bar jami'ar suka kafa kamfani. Har yau tsarin da wayar hannu da kwamfutar ofis ke bi sunan von Neumann yake ɗauke da shi, kuma ba a yi wa mutanen biyu adalci ba a nan. Sai dai rashin mallakar ne ya sa kowace jami'a ta samu damar kwaikwayo ba tare da biyan kowa ba.

Shi ma kwaikwayon yake so. Da ya koma Princeton ya nace sai cibiyarsa ta ƙera tata na'urar, da kuɗin soja. Manyan malaman wurin, mutanen allo da alli, ba su yi murna da zuwan injiniyoyi ba. An fara sauke su a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, har shugaban cibiyar ya taɓa rubuta ƙorafi a kan yawan sukarin da suke zuba wa shayi. Julian Bigelow ne ya jagoranci ƙirar, kuma duk matakin da aka kai sai a rubuta rahoto a aika wa masu so. Kafin a ƙaddamar da na'urar a 1952 an riga an fara ƙera ƴaƴanta, aka samu irinta a Los Alamos, da Jami'ar Ilinoyi, da Suwidin, da Isra'ila, da Ostiraliya.

Yanayi ne ya zaɓa ya zama babban gwajinta, don lissafinsa ya gagari kowa. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya taɓa gwadawa da hannu lokacin yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a Faransa a yaƙin duniya na farko. Hasashen awa shida ya ci masa makonni shida, amsar kuma ta fito ba kan gado. A littafinsa na 1922 ya ƙiyasta sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a iya riga yanayin duniya. Von Neumann ya buɗe sashen yanayi a 1946, amma abin bai kankama ba sai da Jule Charney ya zo a 1948. Charney ya gane cewa lissafin iska na ƙunshe da motsi iri-iri da ba su da tasiri a kan yanayin gobe amma suna rikita amsa, sai ya tace su ya bar ƙashin bayan kawai. Von Neumann ya san yadda za a yanka lissafin gunduwa-gunduwa ba tare da kuskure ya yi ta ninkuwa ba. Ragnar Fjørtoft ɗan Norwe ya zo da ƙwarewar masu karanta taswirar yanayi. Babu ɗayansu da zai iya aikin shi kaɗai.

Da yake na'urar Princeton ba ta kammala ba, sai suka aro ENIAC a 1950. Ma'ajiyarta ƙarama ce, don haka sai a fitar da sakamako a katunan kwali masu huji, a sake cusa su, har aka ci kati kusan 100,000. Hasashen awa 24 ya ci kusan awa 24, wato sun yi kunnen doki da yanayin kansa. Daga cikin gwaji huɗu wasu sun yi kusa da abin da ya faru, wasu sun kauce. Hakan ya isa. Bayan ƴan shekaru irin wannan lissafi ya koma na mintuna, Suwidin ta fara hasashen yau da kullum da na'ura a 1954, Amurka ta biyo a 1955.

Akwai wadda ake yawan mantawa a labarin, matarsa ta biyu Klára Dán, wadda ya aura a 1938. Ba ta yi karatun jami'a a lissafi ba, ta koya ne a bakin aiki, kuma ita ce ta rubuta umarnin da ENIAC ta bi a 1948 wajen gwada dabarar Monte Carlo, wadda mijinta da Stanislaw Ulam suka ɓullo da ita, inda ake warware matsala mai wuya ta hanyar maimaita ƙuri'a sau dubbai. Ta kuma taimaka wajen duba umarnin hasashen 1950.

Von Neumann ya yi zaton da zarar an iya hasashen yanayi za a iya juya shi yadda ake so. A nan ya yi kuskure. A 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan bambanci ƙanƙane a ma'aunin yau kan girma har ya rushe hasashe, shi ya sa ba a iya faɗin ruwan rana kaza fiye da kusan mako biyu gaba, shi ya sa kuma hasashen damina ke zuwa da harshen yiwuwa, ba da rantsuwa ba. A wani wurin kuwa ya hango daidai: a 1955 ya rubuta a wata mujalla cewa hayaƙin gawayi da man fetur na iya ɗumama duniya. Charney ma bai tsaya nan ba. Bayan farin da ya gallabi Sahel a farkon shekarun 1970, ya buga nazari a 1975 yana cewa ƙasar da ta rasa ciyayi takan mayar da hasken rana sama, hakan ya rage hadari, fari ya ƙara haifar fari. Binciken da ya biyo baya ya nuna zafin ruwan teku na da babban hannu a lamarin, amma muhawarar da ya tayar ta jawo hankalin masu lissafin yanayi zuwa yankin.

Na'urar da ta yi hasashen yanayi ita ce kuma ta yi makonni tana lissafin bam ɗin haidurojin, wanda Amurka ta gwada a Nuwamba 1952. Von Neumann ya zama na hannun daman sojoji, mai ra'ayin a tsananta wa Tarayyar Sobiyet. Duk da haka, da aka tuhumi Robert Oppenheimer a 1954, ya je ya ba da shaida a kan amincinsa ko da yake ra'ayinsu ya saɓa. A 1955 ya kama aiki a hukumar makamashin nukiliya ta Amurka, a shekarar kuma likitoci suka gano yana da ciwon daji. A kan keken marasa lafiya ya karɓi lambar yabo daga hannun shugaba Eisenhower a 1956.

Ya yi watanninsa na ƙarshe a asibitin soja na Walter Reed da ke Washinton, da masu tsaro a kusa don kada zafin ciwo ya sa ya furta asirin ƙasa. Mutumin da bai damu da ibada ba a tsawon rayuwarsa ya nemi a kira masa limamin Katolika. Yana rubuta laccocin da ke kwatanta kwamfuta da ƙwaƙwalwar ɗan Adam, bai kai ga kammalawa ba, aka buga su a 1958. Ya rasu ranar 8 ga Fabrairu 1957 yana da shekara 53.

Bayan rasuwarsa cibiyar ta rufe sashen kwamfuta, injiniyoyi suka watse zuwa wasu jami'o'i da kamfanoni. An miƙa na'urar ga Jami'ar Princeton, ta yi aiki har 1960, sannan aka kai ta gidan tarihi na Smithsonian a Washinton.