Wiliyam Shekspiya: Mutumin da Ya Rubuta Makokin Hamlet

An yi wa Wiliyam Shekspiya baftisma ranar 26 ga Afrilu, 1564, a garin Stratford na ƙasar Ingila. Mahaifinsa, John, ɗinkin safar hannu ta fata ce sana'arsa, har ya kai ga shugabantar majalisar garin a 1568, kafin bashi ya durƙusar da shi. A 1582, yana ɗan shekara 18, Wiliyam ya auri Anne Hathaway mai shekara 26. Suka haifi Susanna a 1583, sannan tagwaye, Hamnet da Judith, a 1585. Zuwa 1592 sunansa ya fara fita a Landan a matsayin ɗan wasan kwaikwayo kuma marubuci, iyali kuwa suna can Stratford.

A watan Agusta na 1596 aka binne Hamnet, ɗansa namiji tilo, yana da shekara 11. Mahaifinsa kuma ya rasu a 1601. A tsakanin waɗannan rashe-rashe biyu ne, wajen 1600, ya rubuta Hamlet. Tsohon labari ne na ramuwar gayya da Saxo Grammaticus ya rubuta game da wani yariman Denmak tun wajen 1200. Sai dai a Stratford ta wancan zamani Hamnet da Hamlet suna ɗaya ne da ake rubutawa iri biyu, abin da ya sa manazarta da dama ke jin muryar uban da ya yi rashi a cikin wasan.

Inda ya kamata mai karatu ya tsaya shi ne zancen zucin farko na yariman, a fitowa ta biyu ta kashi na ɗaya. Ubansa ya mutu, uwarsa Gatrud ta auri ƙanen mijinta Kalodiyas cikin wata guda. A lokacin bai ma san cewa kashe uban aka yi ba. Fatalwa za ta gaya masa daga baya. Ke nan abin da ke cin ransa shi ne gaggawar auren. Bahaushe zai iya mamakin wannan zafi, domin a wurinmu auren matar ɗan'uwa bayan ta gama takaba ba abin kunya ba ne. A cocin Ingila kuwa haramtacce ne, kuma da wannan hujja Sarki Henry na Takwas ya nemi rabuwa da Catherine, wadda ta fara auren wansa Arthur.

Mai nazarin harshe zai lura da abu biyu. Na farko, jimlolin yariman suna tsinkewa, ya fara magana ya kasa ƙarasawa, wa'adin da yake ƙirgawa kuma yana raguwa daga wata biyu zuwa ƙasa da haka, kamar yadda baƙin ciki kan murɗe lissafi. Na biyu, daga laifin mace ɗaya sai ya yi wa mata duka kuɗin goro, ya ce rauni shi ne ɗabi'arsu. Wannan tsalle daga tilo zuwa jam'i shi ne mafarin ɓarna, domin Ofiliya, yarinyar da ba ta ci nanin ba, ita nanin ta ci. Ya wulaƙanta ta, ya kashe mahaifinta bisa kuskure, ta zauce, ta mutu a ruwa.

Shin ra'ayin Shekspiya ke nan game da mata? A ganina kuskure ne a ɗora wa marubuci kalaman da ya sa a bakin mutumin da makoki ya gigita. Ya yi rubutun ne a ƙarƙashin mulkin mace, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta riƙe Ingila daga 1558 zuwa 1603, ko da yake yara maza ne ke fitowa a matsayin mata a dandali har zuwa 1660. Kuma wajen 1601 ya rubuta wasan da marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara da sunan Daren Sha Biyu, inda Viola, mace mai basira da riƙon amana, ke makokin ɗan'uwanta na tagwaye da ta ɗauka ya halaka a teku, daga ƙarshe ta same shi da rai. Uban Judith da Hamnet ne ya rubuta wannan haɗuwa.

Shekspiya ya rasu a Stratford ranar 23 ga Afrilu, 1616, yana da shekara 52. Mafi yawan dukiyarsa 'yarsa Susanna ya bar wa. A 1623, shekarar da Anne ta rasu, abokan aikinsa John Heminges da Henry Condell suka tara wasanninsa 36 suka buga a kundi ɗaya. Har yau akwai masu ɗauko kalaman yariman don kafa hujja a kan mata, suna mantawa da yadda wasan ya ƙare: Gatrud ta sha gubar da Kalodiyas ya haɗa wa ɗanta, kuma maganarta ta ƙarshe gargaɗi ce gare shi cewa akwai guba a cikin kofin.