Jean Cocteau (1889–1963): Sha'irin da Ya Mayar da Tatsuniya Fim

Wannan maƙala ta yi waiwaye a kan rayuwar Jean Cocteau, sha'iri kuma mai shirya fina-finai ɗan ƙasar Faransa, domin a ga abin da ya sa ayyukansa na almara ba su dushe ba har yau.

An haife shi ranar 5 ga Yuli, 1889, a garin Maisons-Laffitte kusa da birnin Faris. Yana ɗan shekara 8 mahaifinsa ya kashe kansa, kuma mutuwa ta zama jigon da ya riƙa komawa gare shi a rubuce-rubucensa. Ya fara shahara da rubutattun waƙoƙi da wasan kwaikwayo, sannan ya zama kakakin wasu matasa shida masu tsara kiɗa da aka sani da Les Six. Ɗaya daga cikinsu, Georges Auric, shi ne ya tsara kiɗan fim ɗinsa na farko, Le Sang d'un poète, wanda aka ɗauka a 1930. A nan ne Cocteau ya ɓullo da dabarar ɗauke kiɗa daga fitowar da aka tsara shi dominta ya ɗora shi a kan wata, don kada kiɗan ya maimaita abin da ido ya riga ya gani.

Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa sunansa ya samu tabo, domin a 1942 ya wallafa yabon Arno Breker, masassaƙin gumaka da Hitler ke ji da shi. Bayan yaƙi an bincike shi, aka wanke shi, amma zargin bai gushe ba.

Cikin wannan hali ya fara ɗaukar La Belle et la Bête a 1945, daga tatsuniyar da Madame Leprince de Beaumont ta wallafa a 1756, ta budurwar da ta fanshi mahaifinta da kanta a hannun Dodo. Kayan aiki sun yi ƙaranci, wutar lantarki tana yankewa, ciwon fata kuma ya kwantar da shi a asibiti. Rashi ya koya masa dabara: hannayen mutane ne ke fitowa daga bango riƙe da kyandirori, an ɗauki mutuwar kyandirorin aka juya hoton baya sai suka zama suna kunna kansu. Auric ya raka fadar Dodo da muryoyin mawaƙa marasa kalmomi. Fim ɗin ya fito a 1946, Jean Marais da Josette Day ne taurarinsa, ya kuma sami lambar yabo ta Louis-Delluc. Orphée ya biyo baya a 1950, aka shigar da Cocteau majalisar Académie française a 1955. Ya rasu ranar 11 ga Oktoba, 1963, a Milly-la-Forêt.

A 1994 Philip Glass ɗan Amurka ya cire sautin fim ɗin gaba ɗaya, ya tsara masa sabon kiɗa da waƙa da suka dace da motsin leɓunan 'yan wasa. Hoton ya ɗauki sabon kiɗan bai rasa kwarjininsa ba. Ga mai nazarin yadda tatsuniya ke ƙaura daga baki zuwa allon kallo, darasin Cocteau shi ne bai tsaya bayyana dalilin sihiri ba. Ya nuna shi kamar abin yau da kullum, yadda mai ba da tatsuniya ke yi.