Taƙaitaccen Tarihin Kurt Lewin, Masanin Da Ya Haɗa Bincike Da Aiki

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar 'yan kasuwa a Adjamé ko Treichville ya san yadda abin yake. Shugabanni su kafa doka a kan kuɗin ƙungiya ko jerin rumfuna, kowa ya gyaɗa kai, bayan mako biyu a koma gidan jiya. A wannan makon mun kawo muku tarihin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana neman maganin wannan matsala.

An haifi Kurt Lewin ranar 9 ga watan Satumba, 1890, a garin Mogilno, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Jamus, yanzu kuma yana cikin Poland. Iyayensa Yahudawa ne masu kanti, don haka a cikin ciniki ya buɗe ido. Ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Berlin, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya har aka ji masa rauni, sannan ya koma koyarwa. Da Hitler ya hau mulki a 1933 sai ya yi hijira zuwa Amurka. Mahaifiyarsa ba ta samu fita ba, a hannun 'yan Nazi ta rasu.

A Jami'ar Iowa, inda ya fara aiki a 1935, sunansa ya fito. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu nama ya yi ƙaranci, hukuma tana son matan gida su riƙa dafa kayan ciki irin su zuciya da ƙoda, abin da Amurkawa ke ƙyama. Sai aka raba matan. Wasu aka yi musu lacca a kan amfanin kayan cikin. Wasu kuma aka zaunar da su suka faɗi abin da ke hana su, kamar ƙarni da ƙorafin maigida, suka yanke shawara da kansu. Da aka bi sawu, kashi 3 cikin ɗari ne kawai na masu jin lacca suka dafa, amma a cikin waɗanda suka tattauna an samu kashi 32.

Haka aka gani a kamfanin ɗinkin kayan barci na Harwood da ke garin Marion a jihar Virginia, inda aka gayyace shi a 1939. A wani gwaji da aka yi bisa tsarinsa, aka buga sakamakon a 1948, an canza wa ma'aikata fasalin aiki. Waɗanda aka ba umurni kawai aikinsu ya ja baya, kashi 17 cikin ɗari suka bar aiki cikin kwana 40. Waɗanda aka tsara canjin tare da su kuwa babu wanda ya tafi, har suka zarce yadda suke yi a da da kusan kashi 14.

A 1946 ne ya bayyana wannan hanya a rubuce, wadda za mu iya kira bincike cikin aiki. Masu matsalar su zauna su gano ta, su tsara ƙaramin gyara, su gwada, su ƙirga abin da ya fito, su gyara, su sake gwadawa. Masani abokin shawara ne kawai, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Ya kuma nuna cewa sai an sassauta tsohuwar al'ada kafin sabuwa ta shiga, in ta shiga a ɗaure ta da ƙa'ida.

Ya rasu ranar 12 ga watan Fabrairu, 1947, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 56, jim kaɗan bayan ya kafa cibiyar nazarin ƙungiyoyi a jami'ar MIT.

To, ina ruwan ɗan kasuwa da wannan? 'Yan Treichville da suka ga gobarar babbar kasuwa a 1997 sun san wahalar sake zama da rabon wuri. Fatake masu ɗaukar goro daga Anyama zuwa Maraɗi da Kano ma kullum suna fama da canji, yau kuɗin mota, gobe tura kuɗi ta waya. Idan ƙungiyarku za ta kawo sabon tsari, kada a tsaya ga manyan Alhazai. A kira dillalai da yaran shago da masu ɗaukar kaya, a gwada shi a layi ɗaya na wata guda, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, sannan a dawo a zauna kafin a ɗora wa kasuwa duka.