Ibnul Haisam: Malamin da ya yi haukan ƙarya, ya gano yadda haske ke tafiya

Duk wanda ya taɓa bin titin kwalta da tsakar rana a watan Afrilu, ko a Kambaza ta ƙasar Gwandu ko a hanyar Kalgo zuwa Birnin Kebbi, ya san kawalwalniya. Ka hango ruwa kwance a gabanka yana ƙyalli, kana matsowa yana ja da baya.

Masunta ma sun san kifin da suka hango a cikin ruwa ba a inda ido ya nuna yake ba, ya fi nan zurfi. Yaro kuma idan ya tsoma kara a bokitin ruwa, sai ya ga kamar karan ya karye.

Dalilin duka ɗaya ne: haske yana karkacewa idan ya fita daga wani abu ya shiga wani. Malamin da ya zauna ya bi diddigin wannan al'amari da awo da gwaji, kusan shekara 1,000 da suka wuce, shi ne Abu Ali Hasan bin Hasan, wanda aka fi sani da Ibnul Haisam.

Alƙawarin da ya kusa cin ransa

An haife shi a Basra, cikin ƙasar Iraƙi ta yau, wajajen shekarar 965 Miladiyya. A can ya yi karatu har ya yi suna a ilimin lissafi.

Masanin tarihi Ibnul Ƙifɗi ya rawaito cewa labari ya kai kunnen Halifa Al-Hakim na daular Faɗimiyya a Masar cewa akwai wani malami a Basra da ke cewa zai iya yi wa Kogin Nilu aikin da zai daidaita ambaliyarsa. A wancan zamani abincin Masar kacokan ya dogara ne ga wannan ambaliya. Idan ta yi kaɗan a yi yunwa, idan ta yi yawa ta ci gonaki. Sai Halifa ya aika masa da dukiya, ya ce ya zo.

Ibnul Haisam ya ɗebi magina da ma'aikata suka nausa kudu, har kusa da Aswan. Da ya ga faɗin kogin da ƙarfin ruwansa da idonsa, ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Ya komo ya faɗa wa Halifa gaskiya, ya nemi afuwa. Madatsar da ta iya riƙe Nilu a Aswan gaba ɗaya ba ta kammalu ba sai a 1970.

Al-Hakim sarki ne da ya yi ƙaurin suna wajen kashe manyan ma'aikatansa. Ya ba Ibnul Haisam wani muƙami a gwamnati, amma malamin ya ga zama kusa da irin wannan sarki kasada ce. Sai ya tsiri haukan ƙarya. Aka ƙwace dukiyarsa, aka tsare shi a gida. Haka ya zauna har 1021, shekarar da Halifa ya fita wani dare ba a sake ganinsa ba.

Daga nan ya bar haukan, ya koma zama kusa da Masallacin Azhar a Alƙahira. Abin da yake ci da shi kwafar littattafan lissafi ne da hannu, ciki har da na Iƙlidis, wanda Turawa ke kira Euclid. Wannan littafi ya iso ƙasar Hausa ma. Lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya komo Sakkwato a 1826, cikin kyautar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin Iƙlidis da Larabci.

Ido karɓa yake yi

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, littafi mai juzu'i 7 a kan gani da haske.

Kafin shi, manyan masana lissafi na Girka irin su Iƙlidis da Baɗlimus sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Ibnul Haisam ya kawo hujjojin da kowa zai iya gwadawa. Idan ka kalli rana ido yana zafi. Idan ka ƙura wa fitila ido sannan ka rufe, za ka ci gaba da ganin alamarta. Ke nan wani abu ne ke shigowa ido daga waje ya yi masa tasiri.

Ya kuma gwada da ɗaki mai duhu. Ya jera fitilu a waje, ya bar ƙaramar kafa ɗaya. Kowace fitila ta jefa ɗigon haskenta a bangon ciki, daidai kan miƙaƙƙen layi. Idan ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Da haka ya nuna cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma haskoki suna ratsa kafa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba.

Madubi, ruwa da gilashi

Juzu'i na 4 zuwa na 6 sun yi bayanin yadda haske ke bugun abu mai santsi ya dawo. Ya ƙera na'urar awo ta tagulla, ya gwada madubai iri-iri: shimfiɗaɗɗe, mai ƙullutu, mai rami, da mai siffar bututu. A kowanne ya tarar kusurwar da haske ya sauka da ita daidai take da wadda ya tashi da ita. Wannan ne ya sa madubin gefen mota, mai ɗan tudu, ke nuna fili mai faɗi amma motocin baya su yi ƙanana.

Juzu'i na 7 kuwa a kan karkacewa ne. Ya gwada haske tsakanin iska da ruwa, iska da gilashi, da ruwa da gilashi. Ya ga idan haske ya shiga ruwa a tsaye cak, wucewa yake yi a miƙe. Idan ya shiga a kaikaice sai ya lanƙwasa, kuma gilashi ya fi ruwa lanƙwasa shi. Ya ce dalili shi ne haske yana da gudu, kuma gudun yana raguwa a cikin abu mai kauri.

Awon zamani ya gaskata shi. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa a sarari, wajen 225,000 a ruwa, wajen 200,000 a gilashi. Kawalwalniya ma haka take: iskar da ke kan kwalta mai zafi ta fi ta samanta sauƙi, sai hasken sararin sama ya lanƙwaso ya shigo ido daga ƙasa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka ruwa ne.

Inda bai kai ba

Ibnul Haisam bai samo ainihin ƙa'idar lissafin karkacewar ba. Wani malamin Bagadaza, Ibn Sahal, ya riga ya rubuta ta wajajen 984, kuma Willebrord Snell na ƙasar Holan ya sake gano ta a 1621. Haka nan ya zaci ƙwayar da ke gaban ido ce ke karɓar hoto. Sai a 1604 Johannes Kepler ya nuna cewa a bangon bayan ido hoton ke sauka, kuma a kife.

Gyara irin wannan hanyarsa ce shi ma. Ya rubuta littafi guda a kan kurakuran da ya gani a ayyukan Baɗlimus, duk da girman da yake ba shi.

Ya rasu a Alƙahira wajajen 1040. Kusan shekara 260 bayan haka, Kamaluddin al-Farisi ya yi sharhin littafinsa, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya nuna yadda bakan gizo ke samuwa: haske ya shiga ɗigon ruwa ya karkace, ya bugi bayansa ya dawo, ya sake karkacewa wajen fita.

An fassara Kitabul Manazir zuwa Latin wajajen 1200, Turawa suka riƙa kiransa Alhazen, aka kuma buga shi a birnin Basel a 1572. A yau akwai wani rami a duniyar wata mai sunansa, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta tuna da shi a 2015, Shekarar Haske ta Duniya.

Kyamarar wayar da ke hannunka ma ɗan ƙaramin ɗakin duhu ce mai kafa ɗaya. A bakin kafar akwai 'yan ƙwayoyin madubi masu lanƙwasa haske su tara shi wuri guda, hoton ya sauka a ciki a kife, sannan wayar ta miƙar da shi kafin ta nuna maka.