Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina: Malamin Da Ya Riƙi Amanar Ilmin Arewa

Birnin Katsina gari ne na malamai tun zamanin da aka gina hasumiyar Gobarau, gari ne kuma na su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marna. A nan aka haifi Marigayi Alhaji Isa Kaita cikin shekarar 1912, a gidan Waziri Haruna, wazirin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya tashi a gidan sarauta da karatu, a lokacin da yawancin iyaye ke ɓoye 'ya'yansu don gudun makarantar boko, suna tsoron kada ta raba su da addini.

Shi kam an sa shi. Ya yi karatu har Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda kuma daga baya ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya. Da ya gama a 1932 sai ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura shi gidan rediyon Ankara ta ƙasar Gwalkwas, wato Ghana, inda shi da Bello Dandago suka riƙa watsa labarun yaƙi da Hausa. Bayan ya komo gida ya yi aiki a En'e ta Katsina, sannan ya tafi Exeter ta Ingila a 1948 ya ƙaro ilmin sha'anin mulki.

A 1951 aka zaɓe shi Majalisar Jihar Arewa a ƙarƙashin jam'iyyar NPC. A 1954 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya ya riƙi Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa, a 1957 kuwa aka danƙa masa Ma'aikatar Ilmi, wadda ya riƙe har 1966.

Wannan ita ce amana mafi nauyi da ya ɗauka. Mulkin kai ya ƙarato, Turawa na shirin tafiya, ga shi kuwa 'yan Arewa da za su gaji kujerunsu ba su taka kara sun karya ba. In ba a yi hanzari ba, sai a karɓi mulki a rasa likita da injiniya da malamin makaranta na gida. Saboda haka aka duƙufa wajen ƙara makarantun firamare da sakandare da na horon malamai. Aikin bai tsaya ga gini ba, sai da aka sha fama wajen shawo kan iyaye. A nan asalinsa ya yi masa rana, domin ɗan wazirin gari ne, ya yi boko, bai kuwa yar da addininsa ko al'adarsa ba.

A zamaninsa aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ran 4 ga Oktoba, 1962. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zama reshenta, inda aka riƙa karantar da Larabci da ilmin addinin Musulunci a matsayin jami'a, ita ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Ta haka ɗalibin zaure ya sami hanyar kaiwa ga digiri.

Ran 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, sojoji suka kashe Sardauna, gwamnatin ta rushe. Waziri ya zauna a Kaduna a matsayin dattijo mai ba da shawara. A zamanin Shugaba Shehu Shagari an naɗa shi shugaban Hukumar Kula da Ɗa'ar Ma'aikata.

Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna cikin watan Nuwamba, 1994, yana da shekara 82. Makarantun da aka kafa a hannunsa suna nan suna yaye ɗalibai, sauran aiki ya rage ga waɗanda aka ba riƙonsu. Allah ya jiƙansa, ya sa ilmin da ya yi wa hidima ya zame masa sadaka mai gudana, amin.